Kadinal Francis Arinze: Abin da Ya Kamata Mu Mazauna Anacha Mu Sani

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na bayan Ƙaramar Sallah



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana ƙarshen azumi lafiya, ya kuma tara mu a wannan wuri. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, iyayenmu dattawa, shugabannin 'yan albasa da na 'yan shanu da na direbobi, iyayenmu mata da ke zaune daga baya, da ku samari, muna yi wa kowa barka da Sallah, barkanmu da shan ruwa.

Jama'a, kowa ya san yadda taronmu na watan Sha'aban ya tashi. An kawo shawara cewa ƙungiya ta tura wakilai su je su gaisa da Fada, watau limamin cocin Katolika da ke kusa da unguwarmu, domin a san juna. Kafin mai magana ya rufe bakinsa wuri ya kaure. Wasu suka ce wannan sayar da addini ne. Wasu suka ce tarko ne, yau gaisuwa gobe wa'azi. Wasu kuma suka ce a'a, zaman tare ne ya kawo haka. Aka tashi ba a tsai da magana ba, har wasu 'yan'uwa biyu da suke rumfa ɗaya suka yi kwana uku ba sa gaisawa. Shi ne kwamiti ya ɗora mana nauyin mu bincika, mu zo mu faɗa wa jama'a ko su wane ne waɗannan mutane, kuma mene ne matsayin manyansu game da Musulmi.

Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya bai kai mu ba da fatawa ba. Hukunci yana hannun malamai, ga su nan zaune. Amma a kasuwa mun koyi abu ɗaya: ba a ba mutum kaya bashi sai an tambayi asalinsa, da wanda ya tsaya masa, da yadda ya yi da waɗanda suka ba shi kafin mu. To irin wannan tambayar muka yi. Kuma duk inda muka tambaya, sunan mutum ɗaya ne yake ta fitowa, shi ne Kadinal Francis Arinze. Da yawanmu mun sha ganin hotonsa a shagunan abokan cinikinmu da falon masu gidajen da muke haya, wani dattijo mai murmushi da 'yar jar hula, ba mu taɓa tambayar ko wane ne ba. Ɗan ƙasar nan ne, shi ya riƙe cocin Katolika na Anacha shekara goma sha takwas, sa'an nan ya je Rum ya yi wata shekara goma sha takwas aikinsa shi ne hulɗa da Musulmi da sauran waɗanda ba Kirista ba. Tarihinsa muke so mu ɗan jawo muku a yau.

Da farko dai mu san yadda cocin ya yi ƙarfi a nan. 'Yan mishan na Angilika su suka fara sauka Anacha a 1857, tare da Samuel Ajayi Crowther. 'Yan Katolika ba su iso ba sai a ƙarshen 1885, ƙarƙashin wani Fada mai suna Joseph Lutz. Daga baya aka sami Bishop Joseph Shanahan, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya ga cewa hanyar shiga zukatan mutane ita ce makaranta. Suka bi ƙauye-ƙauye suna kafa makarantu, yaro ya shiga don ya koyi karatu da lissafi, ya fito da addini. Wannan shi ya sa kuka ga yawancin masu gidajenmu da abokan cinikinmu 'yan Katolika ne.

Ta wannan hanyar aka samo Arinze. An haife shi ran 1 ga watan Nuwamba, 1932, a Eziowelle, ba nisa da nan. Iyayensa addinin gargajiya na Ibo suke bi a lokacin. Ya shiga makarantar mishan, kuma ranar da ya cika shekara 9, a 1941, aka yi masa baftisma, watau wankan shiga Kiristanci. Wanda ya yi masa shi ne Fada Michael Tansi, mutumin Aguleri. Ku riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi. Yana ɗan shekara 15 ya shiga makarantar All Hallows, inda ake fara horar da masu son zama limaman coci. Mahaifinsa bai so ba da farko, domin limamin Katolika ba ya aure, ba ya haihuwa, kuma kun san abin da ɗa namiji yake nufi a gidan Ibo. Daga baya ya haƙura, kai har shi da mahaifiyar ma suka shiga addinin ɗan nasu.

Daga nan ya wuce babbar makarantar Bigard da ke Inugu, sa'an nan a 1955 aka tura shi Rum. Can aka naɗa shi Fada ran 23 ga Nuwamba, 1958, kuma ya sami digirin digirgir a 1960. Abin lura a nan shi ne abin da ya yi bincikensa a kai: yadda Ibo suke yanka da sadaukarwa a addininsu na gargajiya. Watau addinin da ya baro shi ya koma ya zauna ya yi nazarinsa, har aka buga binciken ya zama littafi a Ibadan a 1970. Da ya dawo gida ya koyar a Bigard, aka ba shi kula da makarantun Katolika na Jihar Gabas, ya kuma je Landan ya ƙaro ilimin koyarwa.

Ran 29 ga Agusta, 1965, aka naɗa shi bishop, mataimakin Akbishop Charles Heerey na Anacha. Shekarunsa 32, kuma a duk duniya babu bishop na Katolika da ya kai shi ƙuruciya a lokacin. Wata ɗaya bai cika ba ya koma Rum domin zama na ƙarshe na wani babban taro na bishop-bishop na duniya, wanda suke kira taron Batikan na biyu, wanda aka fara tun 1962.

A nan ne maganar ta fara shafar mu kai tsaye. Ran 28 ga Oktoba, 1965, wannan taro ya fitar da wata takarda mai suna Nostra Aetate, a kan matsayin cocin game da sauran addinai. A cikinta suka bayyana cewa cocin yana duban Musulmi da mutunci. Suka ambaci cewa Musulmi Allah ɗaya suke bauta wa, suna girmama Annabi Isa (AS) a matsayin annabi, suna girmama Nana Maryam, sun yi imani da ranar hisabi, suna salla da sadaka da azumi. Suka yi kira a bar gabar da aka daɗe ana yi, a haɗa hannu wajen adalci da zaman lafiya. Wanda ya san yaƙe-yaƙen da aka yi ɗaruruwan shekaru tsakanin Turawa Kirista da Musulmi ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma don kada mu ɓoye muku kome, takardar ba ta ambaci Manzon Allah (SAW) ba, ba ta ambaci Alƙur'ani ba. Inda suka iya zuwa suka tsaya ke nan. Saurayin bishop ɗin nan na Anacha yana cikin zauren lokacin da aka zartar da ita.

Ya dawo gida sai ƙasa ta rikice. Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin 1966, da juyin mulkin watan Janairu da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da na watan Yuli, da kashe-kashen Ibo da aka yi a garuruwan Arewa, da yadda 'yan Arewa mazauna Gabas su ma aka taɓa su, suka watse suka bar dukiyoyinsu. Tarihi ne mai ɗaci ga kowane ɓangare. Heerey ya rasu a farkon 1967. Ojukwu ya ɓalle da Biyafara ran 30 ga Mayu. Aka naɗa Arinze Akbishop na Anacha ran 26 ga Yuni, shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera. Kwana goma bayan haka, ran 6 ga Yuli, yaƙi ya ɓarke.

Anacha ta sha wuta ƙwarai. An karya gadar Kwara, babbar kasuwa ta ƙone, kuma a watan Maris na 1968 sojojin Tarayya suka kama garin. Sabon Akbishop ya zama ɗan gudun hijira kamar kowa. Ya koma Adazi, daga nan Amichi, yana bin mutanensa inda suka watsu, yana kula da rabon abinci da magani da ƙungiyoyin agaji na coci suke shigowa da su, a lokacin da yunwa take kashe yara ba adadi. Da aka gama yaƙi a watan Janairu na 1970, gwamnatin Tarayya ta kori limaman coci Turawa da suka zauna a ɓangaren Biyafara, gwamnatin jiha kuma ta karɓe makarantun mishan. Ya dawo ya tarar da gari a rushe, ba ma'aikata, ba makarantu. Sai ya duƙufa wajen horar da 'yan ƙasa su cike gurbin Turawan. Abin ya yi albarka a wajensu, har aka wayi gari ƙasar Ibo ita ke tura limaman coci zuwa Turai da Amurka. Makarantun kuwa sai a 2011 gwamnatin Anambra ta mayar musu da su. Ko a nan akwai abin dubawa gare mu, mu da kullum in liman ko malamin Islamiyya ya tafi gida sai mun aika Arewa a nemo mana wani, alhali ga 'ya'yanmu da aka haifa a nan, masu jin Ibo kamar Hausa.

A 1979 'yan'uwansa bishop-bishop na Nijeriya suka zaɓe shi shugabansu, ya riƙe har 1984. A cikin wannan lokaci ne Fafaroma John Paul na Biyu ya kawo ziyara Nijeriya a watan Fabrairu na 1982, ya zo nan Anacha, ya je Kaduna. An shirya zai gana da shugabannin Musulmi a Kaduna, amma ganawar ba ta yiwu ba. Shekara biyu bayan haka, a watan Afrilu na 1984, Fafaroman ya kira Arinze zuwa Rum ya ba shi wani ofishi da aka kafa tun 1964 domin hulɗa da mabiya sauran addinai. Ran 25 ga Mayu, 1985, aka naɗa shi Kadinal, watau yana cikin 'yan majalisar da ke ba Fafaroma shawara, kuma su ke zaɓen sabo idan kujerar ta zama babu kowa. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya sami wannan muƙami, bayan Dominic Ekandem wanda aka naɗa a 1976.

Jama'a, ku dubi wannan da kyau. Mutumin da mutanensa suka gudo daga Arewa a 1966, wanda shi kansa ya yi gudun hijira, shi ne aka ce ya je ya zauna da Musulmi. Kuma ya karɓa, ya yi ta yi daga 1984 har 2002.

Me aka yi a waɗannan shekaru? Kowace shekara idan azumi ya zo ƙarshe, wannan ofishi yakan aika wa Musulmin duniya saƙon barka da Sallah, al'adar da aka fara tun 1967, kuma a zamaninsa yawancin saƙonnin da sa hannunsa suka fita. Sau nawa muka yi Sallah a garin nan, ɗan garin yana aiko da gaisuwa daga Rum, mu ba mu ma sani ba? A watan Agusta na 1985 Fafaroma ya yi wa dubban samari Musulmi jawabi a Kasabalanka, bisa gayyatar Sarki Hasan na Biyu na Maroko. A watan Oktoba na 1986 aka tara shugabannin addinai a garin Asisi na Italiya domin roƙon zaman lafiya, kowa ya yi addu'arsa irin ta addininsa. A 1998 ofishin Arinze ya ƙulla yarjejeniya da Azhar ta Misira, aka kafa kwamitin da zai riƙa zama duk shekara. A watan Maris na wannan shekarar ne kuma Fafaroma ya dawo Nijeriya. Waɗanda suke nan za su tuna taron da aka yi a Oba, hanya ta cushe, motocin kayanmu suka kwana a kan titi. Dalilin taron shi ne ɗaukaka darajar Fada Tansi, wanda ya yi wa Arinze baftisma, zuwa matakin da ke dab da waliyyi a wajensu. A wannan zuwan kuwa ganawa da shugabannin Musulmi ta yiwu, an yi ta a Abuja. A watan Mayu na 2001 kuma Fafaroman ya shiga masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, abin da wani Fafaroma bai taɓa yi ba kafinsa.

Akwai wata takarda da ofishin ya fitar a 1991 da sa hannun Arinze, wadda muka ga ta fi kusa da halinmu. Ta kasa hulɗa tsakanin addinai gida huɗu. Akwai ta zaman yau da kullum, maƙwabci da maƙwabci, ana gaisawa, ana jajanta wa juna, ana taya juna murna. Akwai ta aiki tare, kamar gyaran hanya ko taimakon marasa lafiya. Akwai ta malamai masana, su zauna kowa ya bayyana abin da addininsa ya ce. Akwai kuma ta masu zurfi a ibada, su ba juna labarin yadda suke neman kusanci da Allah. Biyun ƙarshe ba namu ba ne, a bar wa masu su. Amma biyun farko, ai su muke yi kullum a Ose da Kan Gada ba tare da mun sa musu suna ba. Wanda ya ba Ba'ibo buhun albasa hamsin a kan amana, ya je gaisuwar mutuwar uwarsa, shi kuma ya zo sunan ɗansa ya ci tuwo, ai ya riga ya shiga.

Yanzu ga 'yan'uwanmu da suka ce tarko ne. Tsoronsu yana da tushe, kada wanda ya yi musu dariya. Wannan takarda ta 1991 ita da kanta ta faɗa ƙarara cewa hulɗa ba ta soke wa'azi ba, cocin zai ci gaba da kiran mutane zuwa addininsa. Arinze kansa an san shi da tsauri a kan aƙidar cocinsa, ba ya sassautawa don ya faranta wa wani. To amma mu tambayi kanmu, mu mun bar da'awa ne don muna ciniki da su? Ba mu bari ba, ba kuwa za mu bari ba. A kasuwa wanda ya faɗa maka farashinsa a fili ya fi wanda yake maka murmushi yana taɓa sikeli. Mutumin da ya riƙe addininsa da gaske, ya faɗa maka inda ya tsaya, ya fi sauƙin zama da shi, domin kai ma ba zai yi mamaki ba idan ka faɗa masa inda ka tsaya.

Akwai kuma wata magana da fadar Fafaroma ta daɗe tana nanatawa, wadda za mu ji ta lalle idan mun je, gara mu shirya mata. Ita ce maganar ba ni gishiri in ba ka manda. A 1995 aka buɗe babban masallaci a cikin birnin Rum. Su kuma sukan ce, tunda an ba Musulmi wurin ibada a garinmu, a ba Kirista a garuruwan Musulmi. Idan muka kai kukanmu na filin masallaci da na maƙabarta a nan, za a iya tambayarmu yadda ake yi da 'yan'uwansu idan sun nemi filin coci a wasu garuruwanmu na Arewa. Ba mu ke raba fili a can ba, gaskiya ne. Amma kada tambayar ta zo mana ba zato.

Sauran tarihinsa a taƙaice. A watan Oktoba na 2002 aka mai da shi shugaban ofishin da ke kula da tsarin ibada na cocin Katolika a duk duniya. Da John Paul na Biyu ya rasu a watan Afrilu na 2005, jaridu suka yi ta ambaton sunansa cikin waɗanda za su iya gadon kujerar, kun tuna yadda garin nan ya ɗauki zancen, har a tasha. Aka zaɓi Bajamushe, Benedict na 16. Arinze ya yi ritaya a watan Disamba na 2008. A 2012 ya cika shekara 80, wanda a dokarsu daga nan Kadinal ba ya jefa ƙuri'ar zaɓen Fafaroma, kuma a 2022 ya cika shekara 90.

To, jama'a, ga inda maganar take. Duk wannan zama da aka yi a Rum da Alƙahira da Abuja, da saƙonnin barka da Sallah, ba su hana abin da ya same mu a watan Fabrairu na 2006 ba. An yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a wata jaridar ƙasar Denmak. Aka yi zanga-zanga a Maiduguri ran 18 ga wata, ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci, aka kashe Kirista, har da wani Fada na Katolika. Da labari da gawawwaki suka iso nan, sai aka huce a kanmu, mu da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba. Aka ƙona masallatai da rumfuna. Wasunmu suka tsere barikin soja, wasu suka haye gada zuwa Asaba da ƙafa. Akwai waɗanda muka yi sallar Asuba da su a ranar, har yau ba mu san inda kabarinsu yake ba. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Amma a cikin zauren nan akwai mutum bakwai da suke raye saboda wani mai shago, ɗan Katolika, ya tura su cikin sitonsa ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya zauna a bakin ƙofar yana ce wa masu sanduna babu kowa ciki sai kaya. Kwana biyu matarsa tana miƙo musu ruwa da burodi ta taga. Ba takardar Rum ya karanta ba. Sanin juna ne na shekara da shekaru, da amanar da ba a taɓa ci ba. Kuma abin da ya fi ci mana rai idan mun tuna shi ne, a ranar nan yawancinmu muna da wayar hannu a aljihu, amma a duk shugabanninmu babu mai lambar Fada ko ɗaya da zai kira ya ce, fito ka yi wa yaranku magana. Shekara nawa muna zaune kusa da cocin nan, muna jin ƙararrawarsu suna jin kiran sallarmu, ba mu san sunan mai wurin ba, shi ma bai san namu ba.

Abin da muka fahimta ke nan daga tarihin wannan bawan Allah. Manya sun yi nasu a sama, sun buɗe ƙofa, sun rubuta cewa halal ne a wajensu a zauna da mu. Amma Kadinal yana Rum, ba zai zo ya tsaya a bakin rumfarka ba. Na unguwa sai 'yan unguwa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta ɓangaren addininmu kuwa, malamai za su yi bayani, amma abin da aka karantar da mu tun muna yara shi ne, da aka tsananta wa Musulmi a Makka, Manzon Allah (SAW) ƙasar Habasha ya tura su, wajen Najjashi, sarki Kirista, saboda adalcinsa. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya a gabansa ya faɗi gaskiyar abin da Musulunci ya ce game da Annabi Isa (AS), bai rage ba, bai ƙara ba, kuma suka zauna lafiya. Kiristocin Najran sun zo Madina, an karɓe su, an yi muhawara, ba su musulunta ba, aka yi yarjejeniya suka koma. An karantar da mu cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba Musulmi ba ne. A zamaninmu kuma, tun 1999 aka kafa majalisar addinai ta ƙasa, inda Mai Alfarma Sarkin Musulmi yake shugabanci tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya zauna a wannan majalisa da John Onaiyekan, Akbishop na Katolika na Abuja a lokacin, wanda shi ma ya zama Kadinal a 2012. Idan Sarkin Musulmi ya zauna da su rawaninsa bai faɗi ba, muna ganin hular ɗan albasa ma ba za ta faɗi ba.

Saboda haka ga shawarwarin da muke miƙa wa Sarki da malamai da kwamiti.

Na ɗaya, a tura wakilai, amma Malam Liman ya ja gaba, ko ya wakilta malamin da ya yarda da iliminsa, a haɗa da dattijo ɗaya da saurayi ɗaya mai jin Ibo sosai.

Na biyu, a je gidansa ko ofishinsa a ranar aiki, ba lokacin ibadarsu ba. Ba za mu shiga addu'arsu ba, ba za mu ce su shiga tamu ba, kuma a faɗi wannan tun a zaman farko cikin ladabi don kada a sami rashin fahimta daga baya.

Na uku, kada a tashi sai an yi musayar lambobin waya, mutum uku daga nan, uku daga can, da alkawarin duk wanda ya ji jita-jita ko ya ga alamar tashin hankali zai kira ɗan'uwansa ko da tsakar dare ne.

Na huɗu, a kai musu matsalolinmu na zahiri, maganar maƙabarta da rigingimun da kan tashi tsakanin 'yan dakonmu da yaran gari, mu kuma mu saurari nasu. Idan sun yi ƙorafin lasifika ko shara ko yadda ake ajiye tireloli a bakin hanyar cocinsu ran Lahadi, mu gyara abin da za mu iya gyarawa.

Na biyar, kuma wannan ya fi kowanne nauyi, duk wanda ya je gida hutu ko Babbar Sallah ya tara ƙannensa da 'ya'yan 'yan'uwansa ya gaya musu abin da idonsa ya gani a 2006. Ya gaya musu dutsen da aka jefa wa Ba'ibo a Sabon Gari a kanmu yake sauka a nan. Ya gaya musu labarin mai siton nan, domin wataƙila wata rana ɗansa ne zai buƙaci wanda zai ja masa ƙofa a Kano ko Maiduguri.

Waɗanda suka ƙi shawarar a watan Sha'aban 'yan'uwanmu ne, kishin addini ne ya sa su magana, kuma muna roƙon a sa ɗaya daga cikinsu a cikin wakilan, ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya faɗa wa jama'a abin da ya gani, ko ya yi daidai da namu ko bai yi ba.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, malamai su gyara mana. Allah ya ba mu zaman lafiya a garin nan da ƙasa baki ɗaya. Allah ya tsare mana imaninmu da na zuriyarmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kai direbobinmu gida lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Allah ya maimaita mana.